Malam Siddiƙa Mai Allurar Awaki

A ƙauyukan da ke tsakanin Zango da Mai'adua, in ka tambayi Siddiƙa Lawal sai an ɗan yi tunani. Amma in ka ce Malam Siddiƙa, ko tsohuwar da ke tankaɗe a tsakar gida za ta gaya maka ranar da ta zo ta ƙarshe, da akuyar da ta yi wa allura. Baƙo yakan ɗauka tuntuɓen harshe ne, ya gyara musu ya ce ai Malama ake cewa, su kuwa su dube shi su ci gaba da abin da suke yi. Sunan yana da asali, sai dai mai shi ba ta taɓa zama wuri ɗaya ta ba da labarin daga farko har ƙarshe ba. Guntu-guntu ake tsintarsa a bakinta, wani a tasha, wani a bakin turke.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Zango. Ita ce ta uku a wajen Malam Lawal, manomin gero da gyaɗa wanda kan turke bijimai biyu ko uku duk shekara, in sun yi ƙiba ya kora su kasuwar Mai'adua. Tun tana ƙarama aka san ƙafarta ba ta zama. Mahaifiyarta Ummukulsum takan ce yarinyar nan kamar kaza mai jin ƙwai take, ta shiga nan ta fita can. In an aike ta kai niƙa, sai a tsince ta a turke tana taya babanta cire wa sa kaska. Takan gane akuyar da ta daina cin dusa tun kafin mai ita ta lura. Tana da shekara goma sha biyu wata tunkiyar maƙwabta ta kasa haihuwa, ɗan ya taho ta baya, mazan gidan duk suna gona. Ita ta naɗe hannun riga ta juya shi, matan gida na tsaye suna salati.

A Daura ta yi sakandare, a gidan goggonta. Da ta gama ta ce ita aikin lafiyar dabbobi take son koya. Malam Lawal bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, don a ransa ya san ba a ɗaukar mata a wannan karatu. Shekarar farko ta cika fom da hannunta, ta rubuta sunanta yadda yake, da ƙa mai lanƙwasa da komai. Da sunaye suka fito babu nata. Ta wuni tana kai-kawo tsakanin ɗaki da zaure, goggon na cewa ta zauna ta huta haka nan, ga karatun ungozoma can ana neman mata.

Shekara ta biyu makarantar ta ce sai ta kwamfuta za a cika. Akwai wani shago kusa da tashar Daura, na wata Ozioma, 'yar ƙabilar Ibo wadda a garin aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ranar ce ta ƙarshe, shagon ya cika maƙil, babu wuta, janareta kuma yana tari man ya kusa ƙarewa. Ozioma ta ce ta faɗo haruffan sunanta da sauri. Injin ba shi da ƙa, sai ta sa ka. Wajen harafin ƙarshe kuma yatsanta ya taɓa abin ba da tazara. Abin da ya tafi shi ne SIDDIK A LAWAL. Babu wadda ta lura a cikinsu. Siddiƙa ta naɗe takardar ta cusa a jaka, na bayanta har ya riga ya zauna a kujerar.

Bayan wata uku takardar shiga makaranta ta iso. Murna ba ta bar ta ta karanta ta da kyau ba. Ta ga Lawal, ta ga lambar jarrabawarta, shi ke nan ta hau haɗa kaya.

Magatakardar makarantar wani dattijo ne mai furfura a gemu, Malam Kabo. Ya karɓi takardar ya duba, ya leƙa bayanta kamar akwai wanda ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yarinya, ina mai takardar?"

"Ni ce, Baba."

"Siddik nake tambaya. Yayanki ne, ko maigidanki?"

A nan ta fara ganin tazarar da ke tsakanin harafin K da harafin A. Ta zazzage duk takardun da ke jakarta a kan teburinsa. Ta firamare ta ce Sadika, ta sakandare ta ce Siddiqa, katin asibiti ya ce Sidika. Malam Kabo ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora ta makarantarsu a ƙarshe, ya cire tabarau.

"To ga mutum huɗu nan a gabana," in ji shi, "uku mata, ɗaya namiji. Namijin kuwa shi muka ɗauka."

Ya sa aka lalubo fom ɗinta a cikin tari. Ga hotonta nan da hijabi, ga inda aka rubuta mace, amma wanda ya tsara jerin sunayen bai dubi ko ɗaya ba. Sunan kawai ya gani, ya buɗe fayil ɗin namiji, har ya ba shi gado a ɗakin kwanan maza. Malam Kabo ya yi mata bayani a hankali. Ya ce babu dokar da ta hana mace, amma tun da aka buɗe sashen mace ba ta taɓa shiga ba, babu ɗakinta, babu banɗakinta, shanu kuma ba su san kunya ba in sun tashi harbi. Ya ba ta shawara ta koma gida a sake lale baɗi.

Ba ta koma ba. Ta sami wurin kwana a gidan wata ƙawar goggonta a cikin gari, kullum da safe ta dawo ƙofar ofis. Akwai benci a wurin amma ba ta iya zama a kai ba, sai ta je ƙarshen baranda ta dawo, ta je ta dawo. A rana ta uku Malam Kabo ya fito ya ce sawunta ya ishe shi, ta je kotu ta yi rantsuwa cewa duk sunayen nan mutum ɗaya ne, ta kawo masa takarda. Ta kawo kafin la'asar. Ya sa hannu, ya ce zai gyara babban littafin makaranta in ya sami sarari. Kafin ya samu aka yi masa ritaya.

Su arba'in da ɗaya ne a ajin, ita kaɗai ce mace. Ba wanda ya ci zarafinta, amma a makon farko wani ya faɗa cikin raha cewa ai da rigar namiji ta shigo. An yi dariya an wuce, ita kuwa maganar ta tsaya mata a rai. Bara da sunanta na gaskiya an ƙi ta, bana da sunan wani wanda babu shi a duniya an ɗauke ta, takardun jarrabawar kuwa su ne dai ba su canza ba. Ko ita aka zaɓa, ko shi? Ba ta da wanda za ta tambaya. Sai ta riƙa karatu kamar ana korarta. Ita ce ta farko a garken makaranta da sassafe, ita ce ke neman a ba ta san da kowa ke gudu. Wata saniya ta taɓa taka mata ƙafa, farcen babban yatsa ya fita, washegari ta zo da silifas tana ɗingishi. Ita ta zo ta biyu a ajin.

Takardar shaidar kammalawa ta fito da Siddik A. Lawal, har an ƙara ɗigo bayan a ɗin, ya zauna daram kamar sunan uba. Aka ce in tana son gyara sai ta jira shekara. A lokacin kuwa ana ɗaukar ma'aikata, saura mako biyu a rufe. Ta tsaya da takardar a hannu tana jujjuya ta, sannan ta ce a bar shi haka, ta gyara daga baya.

Da wannan suna aka ɗauke ta aiki, da shi kuma aka tura ta wani ƙauye can bakin iyaka, bayan Mai'adua, inda ba a tura mace. Wasiƙa ta riga ta isa wurin mai garin, Ɗantsoho, cewa ga malamin dabbobi nan tafe. Ya sa aka share shagon da ke jikin zaurensa, inda samari ke kwana, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka ajiye buta. Da hantsi ɗan kabu-kabu ya sauke wata doguwar mace da jaka a kafaɗa da akwatin ƙanƙara na magani a hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambaye ta ko Malam yana baya da sauran kaya. Ta miƙa masa wasiƙarta. Mai gari ya daɗe yana kallon takardar, ko da yake ba boko yake karantawa ba, daga nan ya aika cikin gida a gaya wa uwargida ta gyara ɗakin 'yarsu da ta yi aure.

Watannin farko maza ba su kira ta ba. In ta bi ta turke sai su gaishe ta da mutunci, su tsaya tsakaninta da sa har ta wuce. Ga ta da ilimi a ka da magani a akwati, ga dabbobi na tari tana ji, ba halin taɓawa. Ba ta iya zaman ɗaki ba, sai ta riƙa shiga gida-gida da sunan gaisuwa. A nan ta tarar da aikin da ba wanda ya gaya mata yana nan. Awaki da tumaki da kaji na ƙauyen kusan duk na mata ne, a cikin gida suke, inda namiji baƙo ba ya shiga. Malaman da aka turo kafin ita a ƙofar gida suke tsayawa, a jawo musu akuya ɗaya ko biyu, sauran ko oho. Ita kuwa har bayan rumbu take shiga. Ta buɗe bakin akuya, ta duba ido, ta tambayi abin da ta ci, ta ce a raba mai zawo da masu lafiya. Kafin kaka ta zagayo, mata daga rugage da ƙauyukan kewaye sun fara aiko mata.

Maganar Nagoggo a shekararta ta biyu ta faru. Shi mai turka ne a wata unguwa mai nisa, daf da iyaka, bai taɓa ganinta ba. A bangon wani shagon maganin dabbobi a Mai'adua ya sa aka kwafo masa lambar waya daga jerin malaman yankin, aka ce masa sunan malamin Siddik. Wata safiya bijimansa biyu suka tsinke suka faɗa gyauron dawa, suka ci suka ƙoshi, cikinsu ya fara kumbura. Ya kira lambar, ya ji muryar mace.

"A gafarce ni, a ba ni maigidan."

"Ni ce mai lambar. Me ya faru?"

"To in ya dawo a ce masa shanu ne suka kumbura."

Ya kashe. Shi a ganinsa ladabi ya yi, ba a jan magana da matar mutum. Ta kira shi, wayar ta ƙi shiga, don sabis a wajensu sai an hau tudu. Ba ta san sunansa ba, ba ta san garinsu ba, ta dai san sa mai kumburi ba ya jira. Ta haɗa kayanta ta fito bakin hanya, ta rasa gabas za ta yi ko yamma. Ta shiga majalisar masu shayi ta karanta musu lambar, ba wanda ya san ta. Ya sake kira, ta ɗaga da sauri tana cewa ya tsaya ya saurara, ya ba da haƙuri ya kashe. Sai ta ruga zauren mai gari ta danƙa masa wayar, ta tsaya a kansa tana sauya ƙafa har kira na uku ya shigo. Mai gari ne ya ji sunan unguwar, ya kuma gaya wa Nagoggo cewa malamin na nan tafe, kada ya yi gardama da duk wanda ya gani.

Sai bayan azahar suka isa ita da mai babur ɗin da ya ɗauko ta, hanyar duk yashi. Sa ɗaya an riga an sa masa wuƙa don kada ya mutu mushe, mahauta har sun fara fiɗa. Ɗayan yana tsaye ƙafafu a tale, ciki kamar ganga, numfashi da ƙyar, Nagoggo na gefensa da wuƙar a hannu yana jiran ya faɗi. Ba ta gai da kowa ba. Ta ce maza huɗu su riƙe, ta laluba kwiɓinsa na hagu, ta fito da wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki ta soka da ƙarfinta. Iska ta yi ta fita da wari har mutane suka ja da baya. Ta ɗura masa mai, ta yi masa allura, ta tsaya a kansa har ya fara tuƙa.

Nagoggo ya dubi san da ke tsaye, ya dubi fatar da aka shanya. Ya ce, "Da na san Malam ɗin mace ce..." bai ƙarasa ba. Da za ta tafi ya raka ta har bakin babur, ya rasa yadda zai kira ta, ya ce, "Allah ya saka, Malam Siddiƙa." Mutanen da ke wurin suka ɗauka, ranar kasuwa kuma suka kai shi Mai'adua.

Kowa labarin san da ya tashi yake bayarwa, ita kuwa wanda aka yanka take gani. Awa uku aka ɓata a kan harafi ɗaya. Makon nan ta sayi biro mai kauri, ta bi duk shagon magani da zauren mai gari da aka liƙa jerin nan, tana haɗe a ɗin da jikin sunan, a ƙasa kuma ta rubuta da manyan baƙi: mace ce, a yi mata magana.

A shekarar da ta biyo ta yi aure. Saminu direban bas ne tsakanin Daura da Kano. A tasha suka saba, don duk lokacin da ta je ɗauko maganin rigakafi shi ne ke ba akwatinta wuri a gaba inda rana ba ta bugu, ba ya kuma tsayawa cin abinci a hanya in ta ce ƙanƙara na narkewa. Dangi suka ce an haɗa ƙafar yawo biyu, wa zai tsare gidan? Suka kama gida a Mai'adua kusa da mahaifiyarsa. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, kuma gaskiya a bayan kakarsu suka fi girma. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ta sukuni. In tana ƙauye hankalinta na gida, in tana gida kunnenta na kan waya.

Gyaran da ta ce za ta yi daga baya kuwa, ta yi ta ɗaga shi har shekara shida. Sai aka zo tantance ma'aikata. Kwamiti ne daga wani wuri, ba su san kowa ba. Aka kira Siddik A. Lawal, ta miƙe. Shugaban ya dubi fayil, ya dube ta, ya ce irin wannan suka zo nema, namiji a takarda, mace a layi. Ta fito da takardar rantsuwar da ta yi tun tana ɗaliba, ya ce wannan ta makaranta ce, ba ta aiki ba. Aka sa sunanta cikin waɗanda ake zargin ma'aikatan bogi ne, aka dakatar da ita har sai ta kawo hujja.

Wata bakwai ta yi tana zarya. Kotu ta ba ta sabuwar takarda da Siddika. Makaranta ta ce sai an buga sanarwa a jarida, jaridar ta fito da Sadiqa. Katinta na shaida yana ɗauke da Siddiqa, banki kuma da Siddik ya san ta. Duk ƙofar da ta shiga sai a sami harafi ɗaya da bai yi daidai da na ƙofar baya ba, a ce ta koma can. Ta san kowane rami a hanyar Katsina. Ta rame, ta zama mai saurin fushi. Wata rana Saminu ya ce mata ko ta haƙura da aikin, tunda ko ba takarda ana kiranta. Ta ce masa ba aikin ne ya dame ta ba. An ce ƙarya take, kuma ba ta san ranar da ta yi ƙaryar ba.

Wajen buga wasiƙun neman gyara ta koma shagon Ozioma, wanda yanzu ya zama babba. Da ta ba ta labari, Ozioma ta dafe kai. Ba ta tuna ranar ba, amma ta ce hannunta ne, ba ta da musu. Tun daga nan ta ɗauki abin kamar nata. Ta rufe shago sau biyu ta raka ta Katsina. A mota take gaya mata cewa ita sunanta a wajensu maza na amsawa mata na amsawa, ƙanen babanta ma Ozioma yake, ba wanda ya taɓa tambayar kowa hujja. Siddiƙa ta ce su kam a nan wasali ɗaya ke raba Habibu da Habiba, in ya faɗi a hanya sai ka nemi kanka ka rasa. Ozioma har ta nemo yadda za ta sa ƙa mai lanƙwasa a injinta, suka buga sunan daidai a karon farko, suka yi ta kallonsa. Da aka kai ofis, injin can ya mai da harafin alamar tambaya. Dole suka haƙura da Siddika.

Duk wannan lokaci ba ta daina zuwa ƙauye ba, don awaki ba su san an dakatar da kowa ba. Mai gari Ɗantsoho ne ya gaji da ganinta haka. Ranar da kwamiti ya sake zama, ya cika motar Saminu da dattawa goma sha ɗaya, har da Nagoggo, suka yi sallama a ƙofar ofis. Aka ce mutum ɗaya ya yi magana. Nagoggo ya miƙe ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, wannan Siddik da kuke nema, ni ma na neme shi. Sau uku ina kira ina cewa a ba ni shi, har sa ya mutu mini. Babu shi. Ita ce."

Shugaban ya yi murmushi ya ce maganar baki ba ta shiga fayil, amma ya karɓi takardun da a baya sau biyu yana mayar mata. Bayan mako uku aka mai da ita bakin aiki. Aka soke tsohon suna da jan biro, aka rubuta Siddika Lawal, a gefe aka sa mace.

Ba a yi wata biyu ba sai ga takardar canjin wurin aiki. Sabon shugaban sashensu, Alhaji Muhammad, mutum ne mai tausayi. Yana duba fayiloli ya ga mace, matar aure mai 'ya'ya biyu, a ƙauyen bakin iyaka, ya ce wannan wane irin rashin imani ne. Ya dawo da ita ofis a Daura, ya ba ta tebur da fanka da aikin tattara rahoto. 'Yan uwa suka yi ta zuwa barka. Mahaifiyarta ta ce yau dai Allah ya zaunar da ita. Ita kuwa ta gaya wa Ozioma cewa garin neman gira ta rasa ido.

Wata huɗu ta yi a kan kujerar nan. Takan gama aikin yini kafin sha ɗaya, sannan ta hau gyara fayilolin da ba a sa ta ba, ta goge taga, ta fita ta zagaya ginin ta dawo. Wayarta na ta ƙara, mata na gaya mata wanda aka turo a madadinta yaron kirki ne amma a ƙofar gida yake tsayawa. Sai ta riƙa yi musu kwatance ta waya, tana zana akuya a bayan takarda ba ta sani ba. Ta rubuta wasiƙa biyu tana roƙon a mai da ita. Alhaji Muhammad ya kira ta ya ce, "Hajiya, wasu roƙo suke a kawo su nan." Ta ce ta sani, ta gode, amma ita in ta zauna jikinta ciwo yake. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take.

Da damina ta faɗi, ciwon zawo da majina ya shiga awakin yankin, suna mutuwa garke-garke. Aka fitar da ma'aikata rigakafi, duk maza. Bayan kwana goma rahoton da ya zo teburinta ya nuna ko rabin dabbobin ba a samu ba. Ba ta rubuta wasiƙa ba wannan karon. Ta ɗauki rahoton ta shiga ofishin Alhaji ta ajiye masa, ta ce sauran suna bayan rumbu, kuma ta san hanyar. Ya ce ta je mako biyu.

Mako biyun nan yau shekara biyu ke nan. A takarda har yanzu ma'aikaciyar ofis ce, teburinta na nan an ɗora masa tsofaffin fayiloli. Ƙauyukan da take zagayawa sun ninka na da sau uku, gwiwarta ta dama ta fara damunta in ta daɗe a kan babur. Bara aka turo mata 'yan mata biyu da suka gama makarantar da ta yi, aka ce ta koya musu aikin fili.

Ta ce wannan ya fi duk abin da ta taɓa yi wuya. Kwanan baya a wani gida kusa da Zango, ɗaya daga cikinsu ta tsaya gaban wani rago mai faɗa da sirinji a hannu. Ta kai ta janye, ta kai ta janye. Matan gida suka zuba ido suna jiran Malam Siddiƙa ta karɓa, don sun san ba ta iya kallon aiki yana jira. Ta matsa taku ɗaya, sai ta tsaya. Ta mai da hannuwanta baya ta damƙe ɗaya da ɗaya, ta ce wa yarinyar a hankali ta kama fatar wuya ta ɗaga, kada ta dubi ƙahon. Sai a karo na huɗu allurar ta shiga. Ragon ya yi tsalle ya koma kan harawarsa. Yarinyar ta juyo tana neman ta ga fuskar malamarta, amma ita har ta kai zaure, tana tambayar mai gidan ko akwai awaki a gidan da ke kallon nasu.